SARKI SULEMANU: YARON DA AKA RAƊA WA SUNAN SALAMA

A ranar baftisma tambaya ta farko da Fada yake yi wa iyaye ita ce wane suna suka ba ɗansu. Daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, daga Narayi zuwa Unguwar Romi da Gonin Gora, da wuya a buɗe littafin baftisma na wata majami'a a rasa yaro mai suna Solomon. Haka kuma idan muka haye gada zuwa Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo, da wuya mu shiga layi ɗaya ba mu ji ana kiran Sulaiman ko Sule ba. Suna ɗaya ne, mutum ɗaya ne kuma asalinsa, wato Sulemanu ɗan Dawuda, sarkin Isra'ila na uku, wanda ya yi mulki a Urushalima shekara 40, daga wajen shekara ta 970 zuwa ta 931 kafin haihuwar Almasihu. Hausawa sun ce suna linzami ne. Saboda haka ya kamata mu san ma'anar wannan suna, mu kuma duba ko ya ja mai shi zuwa inda aka nufa.

Asalin sunan

A harshen Ibrananci ana kiransa Shelomo. Kalmomin Ibrananci akasari sukan tsiro daga saiwa mai baƙaƙe 3, saiwar wannan suna kuwa ita ce sh, l, m. Daga gare ta aka sami shalom, wadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fassara da salama. Amma ma'anar saiwar ta fi rashin yaƙi faɗi. Abin da yake cikakke, wanda bai tsage ba, bai kuma ragu ba, shi ake kira shalem. Idan mutum ya biya bashi, ko ya mayar da abin da ya ɓata wa maƙwabcinsa, ko ya cika wa'adin da ya yi wa Allah, da wannan saiwa ake faɗarsa. Hadayun da akan miƙa a ci tare a gaban Ubangiji, waɗanda muka sani da hadayu na salama, su ma sunansu daga nan ya fito. Ashe ga Ba'ibrane salama tana nufin gida ya zama cikakke, kowa ya sami hakkinsa, ba wanda yake bin wani bashin zalunci.

Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, inda Ba'ibrane ya ce sh sau da yawa Balarabe yakan ce s. Shi ya sa shalom ta yi daidai da salam, Shelomo kuma ya zama Sulaiman. Ta hanyar Larabci saiwar ta shigo Hausa, muka sami salama, da sallamar da muke yi a ƙofar gida, da sunan Salamatu. Ta wata hanya kuma, masu fassara Tsohon Alkawari zuwa Helenanci suka rubuta Salomon, Latin ya ɗauka haka, Turanci ya mai da shi Solomon, mishan suka kawo mana. Sunan ya bi hanya biyu, ɗaya ta hamada, ɗaya ta teku, ya zo ya haɗu a bakin kogin Kaduna.

Littafin Tarihi na Ɗaya, sura 22, ya ba da dalilin sunan. Dawuda ya so ya gina wa Ubangiji Haikali, amma aka hana shi domin ya zubar da jini mai yawa a yaƙe-yaƙensa. Aka yi masa alkawarin ɗa wanda zai zama mutumin hutawa, wanda a zamaninsa ƙasa za ta zauna lafiya, shi ne zai yi ginin. Wasu masana harshen kuma sun lura cewa ana iya karanta sunan da ma'anar madadinsa, wato ɗan da aka mayar a gurbin wanda ya rasu. Wannan ma ya dace da labarin haihuwarsa.

Haihuwa a gidan da ya sha hawaye

Sulemanu bai fito daga aure marar aibi ba. Uwarsa Bat-sheba matar Uriya Bahitte ce, amintaccen sojan Dawuda. Sarki ya ɗauke ta lokacin da mijinta yake bakin daga, da ta yi ciki kuwa ya shirya yadda aka kashe Uriya a yaƙi. Annabi Natan ya tsaya a gaban sarki ya tona laifin ta wurin misalin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci. Dawuda ya tuba, amma jaririn da aka haifa ya yi ciwo, ya rasu a rana ta 7. Bayan wannan makoki ne aka haifi Sulemanu. Ubangiji ya ƙaunaci yaron, ya aiki Natan ya ba shi suna na biyu, Yedidiya, ma'anarsa ƙaunataccen Ubangiji. Sunan nan yana da kusanci da na Dawuda kansa, wanda shi ma ake fassara shi da ƙaunatacce. A nan muna ganin jinƙan Allah, gama bai ɗora wa yaro laifin iyayensa ba. Matiyu ma, da yake jera kakannin Yesu, bai ɓoye wannan tabo ba, ya ambaci uwar Sulemanu a matsayin matar Uriya.

Yaron ya girma a gidan da takobi bai rabu da shi ba. Wansa Amnon ya ɓata 'yar'uwarsu Tamar, Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya tayar wa ubansa har ya kore shi daga Urushalima, shi ma ya mutu a hannun Yowab. Abin lura shi ne, sunan Absalom daga wannan saiwa ɗaya yake, ma'anarsa uban salama. 'Ya'ya biyu na gida ɗaya suka ɗauki salama a sunansu, ɗaya ya jawo yaƙin basasa. Suna addu'ar iyaye ce, amma cika shi aikin mai shi ne.

Hawan gadon sarauta

Da Dawuda ya tsufa ƙwarai, Adonaija, babba cikin 'ya'yan da suka rage, ya shirya biki ya naɗa kansa, da goyon bayan Yowab shugaban sojoji da Abiyata firist. Natan da Bat-sheba suka shiga wurin tsohon sarki suka tuna masa da rantsuwarsa. Nan take Dawuda ya ba da umarni, aka ɗora Sulemanu a kan alfadarin sarki, aka kai shi maɓuɓɓugar Gihon, Zadok firist ya shafe shi da mai, aka busa ƙaho, jama'a suka yi sowa har masu bikin Adonaija suka watse.

Littafi Mai Tsarki bai rufe abin da ya biyo baya ba. Bayan rasuwar Dawuda aka kashe Adonaija saboda ya nemi auren Abishag, wadda ta yi jinyar tsohon sarki, abin da Sulemanu ya ɗauka neman sarauta ne. Aka kashe Yowab yana riƙe da zankayen bagade. Aka kori Abiyata zuwa gonarsa a Anatot. Shimai kuma, bayan shekara 3, ya ƙetare iyakar da aka sa masa, aka kashe shi. Da jinin ɗan'uwa aka share wa mutumin salama hanya.

Roƙon da ya gamshi Allah

Sa'a mafi kyau a rayuwarsa ta zo a Gibeyon, inda ya je miƙa hadaya. Da dare Ubangiji ya bayyana gare shi cikin mafarki, ya ba shi dama ya roƙi abin da yake so. Saurayin sarki ya amsa cewa shi yaro ne, bai san yadda zai bi da jama'a mai yawa haka ba, ya roƙi zuciya mai ganewa domin ya rarrabe nagarta da mugunta. A Ibrananci abin da ya roƙa shi ne zuciya mai ji, wato mai saurare. Bai roƙi tsawon rai ba, ko dukiya, ko ran maƙiyansa. Allah ya ba shi abin da ya roƙa, ya ƙara masa da wadata da daraja, ya kuma gindaya sharaɗi cewa ya bi tafarkinsa. Ikilisiya takan karanta mana wannan labari a Lahadi ta 17 ta Lokacin Kullum, a shekarar A.

Ba da jimawa ba aka gwada baiwar. Mata biyu, karuwai, suka zo da jariri ɗaya mai rai, kowacce tana cewa nata ne, na ɗayar ne ya mutu. Ba shaida, ba dangi, ba mai tsaya musu. Sarki ya sa a kawo takobi a raba yaron biyu. Uwar gaske ta gwammace ta rasa ɗanta da a kashe shi, ɗayar kuwa ta yarda a raba. Ta haka gaskiya ta fito. Sau da yawa mukan yaba dabarar sarki mu manta da wani abu, wato matan da suka fi kowa ƙasƙanci a gari sun iya isa gaban sarki, ya kuma saurare su. Akwai kuma darasin da ya shafe mu: wanda abu yake nasa da gaske ba ya yarda a tsaga shi.

An ce ya yi karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005, ya yi bayani a kan itatuwa, da dabbobi, da tsuntsaye, da kifaye. Saboda wannan suna da ya yi aka danganta masa Karin Magana, da Mai Hadishi, da Waƙar Waƙoƙi. Littafin Hikimar Sulemanu, wanda yake cikin Littafi Mai Tsarki namu na Katolika, da Helenanci aka rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa, aka sa sunansa domin girmamawa, bisa ga al'adar marubutan zamanin.

Ginin Haikali

A shekara ta 4 ta mulkinsa ya fara ginin da aka hana ubansa. Ya ƙulla yarjejeniya da Hiram sarkin Taya, wanda ya aiko da itacen al'ul daga Lebanon ta teku, Sulemanu kuma yana biyansa da alkama da mai kowace shekara. Tsawon Haikalin kamu 60 ne, faɗinsa 20, tsayinsa 30, wato wajen mita 27, da 9, da 13. Majami'u da dama a birninmu sun fi shi girma, darajarsa kuwa tana ga Wanda sunansa yake wurin. A wurin haƙa aka sassaƙe duwatsun, don haka ba a ji ƙarar guduma ko gatari a wurin ginin ba. Aikin ya ɗauki shekara 7. Da firistoci suka shigar da Akwatin Alkawari, girgije ya cika ɗakin har suka kasa ci gaba da hidima.

Addu'ar da ya yi a ranar keɓewa, a Sarakuna na Ɗaya sura 8, tana cikin mafi kyau a Tsohon Alkawari. Ya amsa cewa sammai duka ba su isa su ɗauki Allah ba, balle ɗakin da hannu ya gina. Ya roƙi gafara domin jama'a a lokacin fari, da yunwa, da annoba, da yaƙi. Ya kuma roƙa domin baƙon da ba Ba'isra'ile ba, cewa idan ya zo daga nesa ya yi addu'a a wurin, Allah ya ji shi. A ranar nan Sulemanu ya cika sunansa.

Daraja da tsadarta

Mulkinsa ya bunƙasa. Jiragensa suka tashi daga Eziyon-geber a bakin Bahar Maliya suka kawo zinariya daga Ofir. An rubuta cewa zinariyar da take shigo masa a shekara ta kai talanti 666, kowane talanti kuwa ya haura kilo 30. Ya tara karusai 1,400 da mahayan dawakai 12,000. Ya gina Hazor, da Magiddo, da Gezer, inda masu tonon kayan tarihi suka tarar da manyan ƙofofin gari masu kama da juna, ko da yake wasunsu suna danganta ƙofofin ga sarakunan da suka zo daga baya. Sarauniyar Sheba ta zo da raƙuma da kayan ƙanshi ta gwada shi da tambayoyi masu wuya, ta koma tana mamaki. Mutanen Habasha suna riƙe da cewa sarakunansu daga wannan haɗuwa suka fito ta wurin Menelik na Ɗaya, zuriyar da mulkinta ya ƙare a 1974 da aka tuɓe Haile Selassie. Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna girmama shi a matsayin Annabi Sulaiman, Alƙur'ani ya ba da labarinsa da tururuwa, da alhudahuda, da sarauniyar Saba.

Amma wa ya ɗauki nauyin wannan daraja? Sarki ya raba ƙasa gunduma 12, kowacce tana ciyar da fada wata ɗaya a shekara, masana da yawa kuma sun lura cewa Yahuza, kabilarsa, ba ta cikin jerin. Ya ɗebi mutum 30,000 domin aikin tilas a Lebanon, 10,000 kowane wata, ban da 'yan dako 70,000 da masu fasa dutse 80,000. Haikali ya ci shekara 7, fadarsa ta ci 13. Har ya kai ga ba Hiram garuruwa 20 na ƙasar Galili, daga yankin arewa. Talakawa suna ganin zinariya daga nesa, suna jin nauyinta a wuyansu.

Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 17, ya gargaɗi sarki kada ya tara dawakai, ko mata, ko azurfa da zinariya. Sulemanu ya tara duka ukun. Ya auri 'yar Fir'auna, ya ƙara da matan Mowab, da Ammon, da Edom, da Sidon, da na Hittiyawa, har aka lasafta mata 700 da ƙwaraƙwarai 300. Yawancin auren na siyasa ne, domin ƙulla zumunci da sarakunan kewaye. Da ya tsufa sai ya gina wa gumakansu, Kemosh da Milkom, masujadai a kan dutsen da yake gabas da Urushalima, yana fuskantar Haikalin da shi kansa ya gina. Marubucin ya ce zuciyarsa ba ta zama cikakkiya ga Ubangiji ba, kalmar da ya yi amfani da ita kuwa ita ce shalem. Da saiwar sunansa aka yanke masa hukunci. Zuciyar da ta roƙi ji a Gibeyon ta daina ji, ta rabu.

Riga ta tsage

Abokan gāba suka taso, Hadad daga Edom, Rezon daga Dimashƙu. Mafi haɗari ya fito daga cikin gida. Yerobowam, wanda sarki ya sa shugaban aikin tilas na gidan Yusufu, ya gamu da annabi Ahija a hanya. Annabin ya kyakketa sabuwar rigarsa kashi 12, ya ba shi 10. Sulemanu ya nemi kashe shi, ya gudu Masar. Sarki ya rasu aka binne shi a birnin Dawuda, Littafin Sarakuna kuwa bai rubuta masa tuba irin na ubansa ba.

A Shekem kabilan arewa suka roƙi ɗansa Rehobowam ya rage musu nauyin. Dattawa suka shawarce shi ya yi wa jama'a hidima, ya amsa musu da taushi. Samarin da suka girma tare da shi suka ce ya ƙara tsanani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ya bi samarin. Kabila 10 suka balle, aka jajjefe shugaban aikin tilas har ya mutu, ƙasa ta rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. A shekara ta 5 ta Rehobowam, Shishak sarkin Masar ya kwashe dukiyar Haikali, har da garkuwoyin zinariya na Sulemanu, aka maye gurbinsu da na tagulla. Mulkin arewa ya faɗi a 722, na kudu a 587, lokacin da Babilawa suka ƙone Haikalin. Ba su sake haɗuwa a ƙarƙashin sarki ɗaya na gidan Dawuda ba.

Abin da ya rage gare mu

Mu mazauna Kaduna ba ma bukatar a fassara mana ma'anar gari ya rabu arewa da kudu. Dattawanmu suna tunawa da zamanin da masaƙun Kakuri, tun daga wadda aka buɗe a 1957, suke tara ma'aikata daga kowace kabila da kowane addini a kan aiki ɗaya. Bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, iyalai da yawa suka kwashe kayansu, Kirista akasari zuwa kudancin kogi, Musulmi zuwa arewa. Yara da dama sun girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A Agusta 2002 shugabannin addinai biyun suka sa hannu a kan takardar zaman lafiya ta Kaduna, wata 3 bayan haka jini ya sake zuba. Takarda tana da amfani, amma tarihin Sulemanu ya nuna mana cewa salamar da ba ta tsaya a kan adalci ba takan rushe da rasuwar mai riƙe da ita. Shekara 40 ba a yi babban yaƙi ba, amma ƙorafin da ba a saurara ba yana taruwa kamar ruwa a bayan madatsa.

Wannan ita ce koyarwar Ikilisiya. Paparoma Yohanna na 23, a wasiƙarsa ta 1963, ya kafa salama a kan gaskiya, da adalci, da ƙauna, da 'yanci. Paparoma Yohanna Bulus na 2, da ya zo Kaduna a Fabrairu 1982, ya kira Kirista da Musulmi su zauna tare a matsayin bayin Allah ɗaya. Aikin yana farawa daga inda muke: maigida ya biya ɗan aikinsa hakkinsa a kan kari, shugaban ƙungiya a majami'a kada ya fifita kabilarsa, samari su saurari dattawa kafin su ɗauki jita-jita, mu kuma riƙa haye gada domin gaisuwar suna da ta makoki, ba domin kasuwa kaɗai ba.

Ubangijinmu Yesu ya ambaci Sulemanu sau biyu. Ya nuna cewa furannin jeji sun fi shi ado duk da darajarsa, ya kuma bayyana cewa wanda ya fi Sulemanu ya zo. Shi ne Ɗan Dawuda da bai ɗora wa kowa kaya mai nauyi ba, ya ɗauki namu a kan gicciye, gaisuwarsa ta farko ga almajirai bayan tashinsa kuwa salama ce. Ita muke miƙa wa juna a kowace Mas kafin mu karɓi Jibi Mai Tsarki. Iyayenmu sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ga ɗan sarki nan ya tabbatar mana.

Iyayen da za su raɗa wa ɗansu wannan suna, su faɗa masa labarin duka, da Gibeyon da dutsen gumaka, domin ya san abin da aka roƙa masa. Allah ya ba shugabanninmu zuciya mai ji, ya ba kowane Solomon da kowane Sulaiman na wannan birni ikon cika sunansa, ya kuma ba Kaduna salama cikakkiya, hayin nan da hayin can. Amin.